Tsadar gyaran haƙori: ina talaka zai dosa?

A watan Nuwamba na shekarar 2022 ne Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da sunan OMS, ta fitar da babban rahotonta a kan lafiyar baki da haƙora, bayan ta duba halin da ake ciki a ƙasashe 194. Rahoton ya nuna cewa mutane wajen miliyar 3 da rabi, wato kusan rabin jama'ar duniya, suna fama da wata cuta ta baki, kuma uku daga cikin kowane huɗu a ƙasashe matalauta ko masu matsakaicin ƙarfi suke zaune. Manya wajen miliyar 2 suna yawo da ruɓaɓɓen haƙori wanda ba a yi wa magani ba. A shekarar 2019 kaɗai an kashe dala miliyar 387 wajen jinyar baki (dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba), amma mafi yawan kuɗin nan a ƙasashe masu arziki aka kashe su. A cikin tsarin aikin da ƙungiyar ta shata daga 2023 zuwa 2030, gurin da aka sa gaba shi ne kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya su samu haƙƙin jinyar baki ta tilas kafin wa'adin ya cika.

Gurin yana da kyau a takarda. Amma manomin da ya kwana riƙe da muƙamuƙi a wani ƙauye na jahar Tawa, ko ƙaramin ma'aikacin da aka yanka wa kuɗin da ya zarce albashinsa a Yamai, tambayarsu ɗaya ce: ina za a samu sauƙi?

Kafin a amsa, ya kamata a san daga ina tsadar take fitowa. Likitan haƙori ba ya aiki da hannu kawai. Yana bukatar kujera ta musamman, da injin huda mai aiki da lantarki da iska da ruwa mai tsabta, da na'urar ɗaukar hoton haƙori, da tukunyar dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta. Dukansu daga waje ake sayo su, haka ma abin da ake cike haƙorin da shi. Likitocin kuma ba su da yawa. Lissafin OMS ya nuna cewa a yankinta na Afirka likitan haƙori ɗaya ne ga mutane wajen 30,000, kuma wannan matsakaicin lissafi ne da ya haɗa da ƙasashen da suka fi mu wadata. A nan Nijar, mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000 da jama'a sama da miliyan 25, ƴan likitocin da muke da su suna Yamai ne da manyan biranen jahohi. Mutumin karkara kan biya kuɗin mota, da na masauki, da na abinci, ya kuma bar gonarsa, tun bai ga fuskar likita ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan duka nauyi, shi ne jinkiri. Ba tsutsa ke cin haƙori ba, ko da yake haka da yawa suka ɗauka. Ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikin haƙori suke cin sukarin da muka sha, su mayar da shi wani ruwa mai tsami da ke narkar da farin ɓawon haƙori sannu a hankali. Da farko tabo ne kawai, ba zafi. Daga nan sai ƙaramin kogo, wanda cike shi aikin ƴan mintoci ne. Idan aka bar shi wata da watanni, ruɓar ta kai ga jijiyar da ke tsakiya, to, a nan ne barci ke gagara, a nan ne kuma kuɗi ke ninkuwa: sai dai a cire jijiyar, a wanke saiwar, a cike ta, sau da yawa kuma a yi wa haƙorin hula, aikin da ke bukatar zuwa sau biyu ko uku. In ba hali sai a cire haƙorin. Mai son a mayar masa da wani kuma ya shiga sabon lissafi, har zuwa na dasa ƙusar ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, wanda shi ne mafi tsada duka. Ciwon ɗaya ne tun farko, farashinsa ne ke hawa tare da kwanakin da aka ɓata.

Wannan kuka ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka, inshorar gwamnati ta tsofaffi da ake kira Medicare ba ta biyan gyaran haƙori na yau da kullum, shi ya sa dubban Amurkawa ke tsallaka iyaka zuwa wani ɗan gari na Meksiko mai suna Los Algodones, inda ɗaruruwan likitocin haƙori suka buɗe ɗakunan aiki. Ƴan Otirishi da Jamusawa sun daɗe suna zuwa Hongiri, ƴan Ingila da yawa kuma Turkiyya suke nufa. Faransa ta bi wata hanya: daga watan Janairu na 2020, a ƙarƙashin tsarin da ta kira 100% Santé, akwai nau'o'in hular haƙori da mai inshora ke samu ba tare da ya ƙara ko tamma ba, aka kuma ƙara haƙoran roba a 2021. Duk waɗannan dabaru ne na mai fasfo da kuɗin jirgi, ko na ƙasar da kusan kowa ke da inshora. Ba su ne za su fisshe mu ba.

Arahar da talakanmu ya fi sani tana bakin kasuwa. Akwai mai tallar ƙwayoyi a faranti, da mai cire haƙori da filaya a ƙarƙashin rumfa, da mai cewa zai fitar da tsutsar da hayaƙi. Wasu na danna ƙwayar aspirin a kan dasashi, alhali ƙona naman take yi. Wasu har ruwan batir suke ɗigawa a kogon. Kanumfari, gaskiya ne, yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya hana ruɓa ci gaba. Filayar da ta shiga bakin mutum goma ba a dafa ta ba tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wannan zuwa wancan, saiwar da ta karye aka bari a ciki kuma takan zama ƙurji. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa har ya soma hana haɗiya ko numfashi yana kisa, kuma mai shi asibiti ya kamata a kai shi a daren, ba a jira safiya ba. Da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Sai dai akwai wata arahar wadda likitoci da kansu suka gwada suka amince da ita, kuma a Afirka aka haife ta. A tsakiyar shekarun 1980, wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holand mai suna Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya inda ba lantarki ba injin huda, ya soma ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin da ƴan ƙananan ƙarafan hannu, ya cike kogon da wani irin siminti. Daga baya aka tsaya a kan simintin da ake kira gilas ayonoma, wanda ke kama haƙori da kansa, yana kuma sakin sinadarin fulor mai ƙarfafa shi. An gwada dabarar a ƙauyukan Tailan da makarantun Zimbabuwe, sannan OMS ta gabatar da ita ga duniya ranar 7 ga Afrilu 1994. Ana kiranta ART a taƙaice. Ba ta bukatar wuta, galibi ba ta bukatar allurar kashe zafi, kuma a kan teburin makaranta ma ana yinta.

Abu na biyu wani ruwa ne mai haɗin azurfa da fulor, wanda Japan ta soma aiki da shi tun wajen 1970. Ɗigo ɗaya ake shafawa a kan kogon, sau ɗaya ko biyu a shekara, sai ruɓar ta tsaya. Aibinsa shi ne wurin da ya ruɓe yakan koma baƙi ƙirin, don haka ya fi dacewa da haƙoran nono na yara, da turamen baya, da tsofaffin da tafiya ke yi wa wuya. A shekarar 2021 OMS ta shigar da wannan ruwa, da simintin nan, da man goge baki mai fulor a cikin jerin magungunanta na tilas, wato jerin da ƙasashe ke dubawa idan za su tsara abin da ya wajaba a samu a kowane gidan likita. A ganinmu wannan shawara ta fi duk wani jawabin taro amfani ga ƙasa irin tamu.

Kada a ɗauka dabarun nan sun maye gurbin likita. Cikon hannu ya fi ƙarko a ƙaramin kogo mai fuska ɗaya. Idan kogon ya yi faɗi yakan faɗi da wuri, idan kuwa ciwo ya riga ya kai jijiya ba abin da zai yi. Amfaninsa shi ne ya tare ciwon tun yana da araha. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai akwai mai duba bakin mutane kusa da gida, tun ba su ji zafi ba. Ƙasar Niyu Zilan ta gane haka tun 1921, lokacin da ta soma horar da mata ma'aikatan jinya na musamman masu duba haƙoran ƴan makaranta, ƙasashe da dama kuma suka kwaikwaye ta. Mu ma muna da cibiyoyin lafiya na CSI da ƙananan ɗakunan shan magani har cikin karkara. Idan aka koya wa ma'aikacin jinya ɗaya a kowace cibiya duba baki, da shafa ruwan nan, da cike ƙaramin kogo, da sanin wanda ya kamata a tura gaba, likitocin birni za su samu sararin yin aikin da su kaɗai suka iya.

Duban bakin yara yana da wata fa'ida da ta wuce haƙori. Cutar noma, wadda ba ta da dangantaka da aikin gona sai dai suna, tana farawa ne da gyambon dasashi a bakin yaro mai fama da tamowa, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin ƴan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. In ba magani, tara cikin goma ba su tsira. Amma a matakin farko tsabtar baki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da abinci mai gina jiki sun isa. Mutanen Damagaram sun san cibiyar ƙungiyar Sentinelles da ta daɗe tana karɓar irin yaran nan, a Sakkwato kuma akwai asibitin noma tun 1999. A watan Disamba na 2023 OMS ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Game da fulor, dole a yi magana a fili, don mutanen jahar Maraɗi ba su manta da Tibiri ba, inda ruwan wata rijiyar burtsatse mai fulor fiye da kima ya ɓata haƙoran yara da yawa, ya tanƙwara ƙasusuwan wasu, daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000. Wanda ya ga haka yana da hujjar tsoro. Bambancin yana ga yawa da kuma hanya: a Tibiri sha aka yi kullum shekara da shekaru, iyakar da OMS ta sa wa ruwan sha kuwa miligiram 1.5 ce a lita. Man goge baki shafawa ake yi a tofar, yaro ƙarami kuma ɗan kaɗan ake sa masa, babba na tsaye a kansa. Aikin hukuma ne ta auna ruwan kowace rijiya. Asuwaki yana share datti sosai, kada a bar shi. Sai dai ba zai iya da shayin da ake zuba wa sukari har zagaye uku, safe da rana da dare ba. OMS ta ba da shawara tun 2015 kada sukarin babban mutum ya wuce wajen giram 50 a yini, kimanin ƙaramin cokali 12, kuma yawan maimaita sha yana cikin abin da ya fi cin haƙori.

Wanda ya riga ya makara, aka yanka masa kuɗi mai yawa, shi ma yana da abin yi. Ya fara da asibitin gwamnati, ya nemi a rubuta masa aikin da farashinsa, ya tambayi wanne ne na gaggawa, wanne ne zai iya jira bayan kaka. Ba kowane gurbi ne sai an cike shi ba: babba yana da haƙora 32, amma tun 1992 OMS ta ɗauki haƙora 20 masu aiki a matsayin abin da ya isa tauna da magana. Haƙoran roba na sawa da cirewa sun fi na dasawa sauƙi nesa ba kusa ba. Haƙorin Makka kuwa ado ne, a bar shi sai an gama da mai ciwo.

Saura batun wanda zai biya. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, amma ma'aikatan lafiya sun san yadda jinkirin mayar wa cibiyoyi kuɗinsu ya sha barin kantocinsu ba magani. Idan aka ƙara jinyar baki a kan wannan tsari ba tare da an ware mata kuɗinta ba, suna kawai za a ƙara. Matakin farko da ke hannun ofishin ministan lafiya shi ne tabbatar da kayan nan uku suna cikin jerin magungunan tilas na ƙasa, ofishin ONPPC ya riƙa sayo su da yawa don farashi ya sauka, a rage harajin shigo da man goge baki mai fulor, sannan a sa darasin duba baki a makarantun da ke horar da ma'aikatan jinya a Yamai da Damagaram.