“Mama, Muna Lokeshan”: Me Ya Sa Fim ɗin Minti Biyar Ke Cin Kwanaki?

Zancenmu na yau ya fi shafar uwar da ɗanta ko 'yarta ke karantar aikin jarida, wasan kwaikwayo ko fim, a jami'a ne, a foli, ko a Makarantar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos. Idan ke ce, kin san yadda ƙarshen zangon karatu yake. Yarinya ta fita bayan asuba, kin kira da azahar ba ta ɗauka ba, da la'asar ta turo saƙo cewa suna lokeshan, magariba ta yi babu ita. Maigida ya fara duba agogo yana kallonki. Kuma duk wannan a kan fim ɗin da ta ce bai wuce minti biyar ba. Dole uwa ta ce anya kuwa.

Mafi yawan lokuta gaskiya take gaya miki. Mu yi lissafin tare. A wajen masu wannan sana'a, shafi ɗaya na rubutaccen labari yakan ba da kamar minti ɗaya a allo, don haka fim ɗin minti biyar shafi biyar ne. Mu ce an kasa shi fitowa shida. Ɗalibai da kamara ɗaya suke aiki, to fitowar da uwa da 'yarta ke magana a falo ba sau ɗaya ake ɗaukar ta ba. Za a ɗauko su daga nesa ana ganin ɗakin duka, a matso a ɗauki fuskar uwar, a juya a ɗauki ta 'yar, a ɗauki hannun da ke ajiye kofin shayi, watakila a ƙara da wanda ke leƙe ta labule. Kowane juyi sai an ɗaga kamara, an gyara haske, an gwada sauti. Ki ba mai koyo minti 20 a kan kowanne, har da maimaicin da za a yi saboda wani ya manta maganarsa ko ya ƙyalƙyale da dariya. Fitowa shida sau biyar, 30 ke nan, wato awa 10. Ba a sa sallah ba, ba a sa cin abinci ba, ba a sa jiran wanda a-daidaita-sahunsa ya maƙale a cunkoso ba.

Sai rana, wadda ba ta jiran kowa. A ƙasarmu wuni kamar awa 12 ne, amma ba duka ke amfanuwa ba. Ranar tsaka tana dukan mutum ta saman kai, ta sa ƙasan idanunsa ya yi baƙi a hoto, shi ya sa suke gudun ta. Hasken da suke so shi ne na safe da na bayan la'asar sakaliya, kuma wannan na yamma ɗan kaɗan ne, kafin ki ankara an kira magariba. Idan suka fara fitowa a wannan hasken ba su gama ba, ba za su ƙarasa ta gobe da hantsi ba, domin inuwa ta sauya wuri kuma mai kallo zai gane. Sai su jira gobe da yamma, a kaya iri ɗaya, da ɗaurin kallabi iri ɗaya. Idan jarumar ta je biki an yi mata sabon lalle a tsakani, an shiga uku. Da damina kuma hadari ɗaya ya isa ya rushe aikin yini.

Sauti ma wani ciwon kai ne da mu masu kallo ba mu sani ba. Kunnenki ya saba da injin markaɗen maƙwabta, da akuya, da mai tallan kalanzir, har ba kya jin su. Makirufo yana jin su sarai. Ana tsakiyar fitowar da jaruma ta samu hawaye da kyar, sai babur ya wuce, a ce a sake.

Ga shi kuma kayan aikin ba nasu ba ne. Idan kamarar sashe ce, rukuni-rukuni ake ba su, kowa da kwanakinsa, wasu na jira a baya. Idan haya ce, kowace rana kuɗi ne da aka tara ta karo-karo. 'Yan wasan abokan karatu ne da ba a biyan su, suna da laccarsu da gwajinsu, kuma wanda ba ka biya ba ba ka da bakin yi masa faɗa idan ya makara. Malami kuwa ya riga ya sa ranar karɓar aiki.

Duk da haka ba zan wanke yaran nan tas ba. A ganina mafi yawan lokacin da suke asara ba rana ce ke cinye shi ba, rashin shiri ne. Ana ba su aikin da makonni a gaba, su kwashe rabin lokacin suna gardamar wa zai zama darakta, sai kwana ya ƙure su fita ba su leƙa gidan da za a yi aikin ba, ba su yi gwajin wasa ko sau ɗaya ba, ba su rubuta abin da za a fara ɗauka ba. A duniyar fim har gasa ake yi ta shirya gajeren fim cikin awa 48, tun daga rubutu har haɗawa, wadda aka fara a birnin Washington na Amurka a 2001. Ana iya yi. Amma masu cin irin wannan gasa sun san wurarensu da mutanensu tun kafin a buga ƙararrawa.

A nan ne uwa ke da abin yi, ko da ba ta taɓa riƙe kamara ba. Masu sana'ar suna da takarda da ake raba wa kowa kafin ranar aiki, mai ɗauke da adireshin wurin, lokacin haɗuwa, fitowar da za a ɗauka bi da bi, da lokacin tashi. Ki ce 'yarki ta turo miki ita ta WhatsApp tun daren jiya, da lambar shugaban rukuninsu da sunan malamin kwas ɗin. Idan ta ce ba su da ita, kin gano inda matsalar take, kuma tambayarki kaɗai na iya sa su zauna su rubuta. Wannan takarda ita za ki nuna wa mahaifinta. Kada mu ɓoye wa juna, a unguwanninmu kalmar “'yar fim” tana da nauyi, kuma yarinyar da ake gani tana dawowa bayan isha'i da samari ɗauke da jakunkuna, baki zai yi ta a kanta ko da karatu ta je yi. Sharaɗin lokacin dawowa a gindaya shi kafin a fara, domin rukunin su tsara fitowarta da wuri. Idan kika bari sai ranar kika fara kira kina cewa ta taho yanzu-yanzu, kin sa ta zaɓa tsakanin fushinki da makin mutum takwas.

Yanzu bari in sa farar rigata, domin akwai abin da ya fi maki.

Na farko janareta. Ba a dogara da wutar gari a ranar ɗauka, sai a zo da ƙaramin inji. Ƙararsa na shiga makirufo, sai wani mai dabara ya ce a sa shi a zaure, ko a kicin, ko a banɗaki a ja ƙofa. Ƙarar ta ragu kam, amma hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wato daidai abin da ɗalibin da ya wuni a tsaye zai ce gajiya ce. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka fara kukan ciwon kai lokaci guda, a kashe inji, a fita fili, wanda ya rikice ko ya suma a kai shi asibiti nan take. Janareta a waje yake zama, kamar taku 10 daga ƙofa da taga. Su sayi doguwar waya, ta fi arha.

Na biyu barci. Matashi na buƙatar awa bakwai zuwa tara, kuma a wannan makon da yawansu ba sa samun rabin haka. Mu da muke aikin dare mun san yadda hannu da ido suke komawa da asuba. Wanda ya yi kwana guda cur bai runtsa ba, hankalinsa a kan titi bai fi na wanda ya sha abin maye ba. A 1997 wani mataimakin mai ɗaukar hoto a Amurka, Brent Hershman, ya rasu a hanyarsa ta komawa gida bayan aikin awa 19 a wajen ɗaukar wani fim, barci ya kwashe shi yana tuƙi. Wannan ƙwararre ne a babban kamfani. To ina ga ɗanki da zai hau babur ƙarfe ɗayan dare da jakar kamara a baya? Idan aiki ya kai dare, gara ya kwana inda yake, ko a je a ɗauko shi. Ki kuma sa ido a kan abin da suke sha don su hana ido rufuwa. Lemon ƙara kuzari gwangwani uku ko huɗu a kan cikin da babu komai yana kawo bugun zuciya da rawar hannu, balle a ce wani ya miƙo ƙwaya wai ta hana gajiya. Ki tambaya kai tsaye, ba da faɗa ba.

Na uku zafi. Don sauti ya fita, suna kashe fanka su rufe taga, ga fitilu, ga mutum 10 a ɗaki, a watan Afrilu. Darakta ba ya son a tsaya, yara kuma na jin kunyar cewa suna jin ƙishi. Wanda ya fara jiri da zufa mai yawa, a kwantar da shi a inuwa, a sassauta masa kaya, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi rau, wannan na asibiti ne. Mai sikila kuwa, rashin ruwa da wahala na iya tayar masa da ciwo, don haka lallai mutum ɗaya a rukunin ya san halin da yake ciki. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, musamman lokacin hazo.

Sai batun izini, wanda gaggawa ke sa a tsallake. “Mu yi sauri mu ɗauka kafin a gan mu” magana ce mai haɗari. A watan Fabrairun 2014 jirgin ƙasa ya kashe wata ma'aikaciyar kamara mai shekara 27, Sarah Jones, a jihar Jojiya ta Amurka, saboda an kai su ɗauka a kan gadar jirgi ba tare da izinin masu layin ba, kuma daraktan fim ɗin sai da ya yi zaman gidan yari. A wajenmu abin da ya fi kusa shi ne bindigar roba, kakin jami'an tsaro, ko fitowar sace mutum a kan titi. A halin da ake ciki, wanda ya hango daga nesa ba zai tsaya tambaya ko wasa ne ba. Su karɓi takarda daga sashensu, su gaida mai unguwa, idan akwai abin da ya yi kama da makami su sanar da ofishin 'yan sanda na yankin.

Wata rana za ta zo ta ce, “Mama, ko za ki ara mana falo?” Ni dai shawarata, idan maigida ya yarda, ki bayar. Za a ja kujeru, za a cire labule, za a ce yaranki su yi shiru na awanni, kuma abin da suka ce zai ƙare da azahar zai kai la'asar. Amma 'yarki na gabanki, kin ga abokan karatunta ido da ido, kin san inda aka ajiye janareta. Ki faɗi ɗakunan da ba a shiga da lokacin da za a tashi. Idan da hali ki dafa musu ko shinkafa da wake ce, domin fita neman abinci kaɗai na cinye musu awa guda na hasken da suke kuka a kansa.

Kada kuma ki ɗauka ranar da aka naɗe kamara an gama. Haɗa hoton a kwamfuta, da gyaran sauti, da sa fassara a ƙasa, sau da yawa sun fi ɗaukar kanta cin lokaci, kuma su ake bari sai daren ƙarshe, lokacin da wuta ke ɗaukewa. Ki bar mata wurin caji da fitila. Ranar da ta dawo daga lokeshan kuma, kafin ta kwanta, ki tambaye ta ko ta kwafe abin da ke katin kamara zuwa wuri biyu daban. Katin bai fi girman tambarin wasiƙa ba, kuma gobe da safe wani rukunin zai karɓi kamarar ya goge duk abin da ya tarar a kai.