Zuwa ga Masu Fassara Manhajar Kula da Ma'aikata



Kwanan baya aka kawo mini wata manhajar kula da ma'aikata da aka mayar Hausa, wai in duba. Hausar ta yi daɗi, ban ƙi ba. Sai dai an ɗora wa kalmar "muƙami" kaya uku: irin aikin, kujerar da ake zama a kai, har da matakin albashi. Jami'in da aka ba shi ya gwada ya cike akwati uku da amsa ɗaya.

Su manhajojin ba sa haɗa waɗannan. A manhajar SAP kowanne da harafinsa: O sashe, C irin aiki, S gurbi, P mutum, K kuma asusun da albashin ke fita daga cikinsa. Akanta aiki ne, ana iya samun ashirin a kamfani ɗaya. Akantan sashen sayayya na reshen Kano gurbi ne, guda ɗaya tak. Mai shi ya yi ritaya, gurbin yana nan da kasafinsa, yana jiran wani. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wuya ba. Galadima nawa aka naɗa a Kano suka shuɗe? Sarautar tana nan. To ku ware "aiki" da "gurbi", kada ku bari su haɗa hanya, ko da jimlar za ta ɗan yi nauyi.

Batun albashi kuwa, ku saurari masu karɓarsa. Tsanin ma'aikatan gwamnatin tarayyar Najeriya daga 01 yake zuwa 17, kowane hawa da ƙananan matakai a cikinsa, kuma ma'aikaci cewa yake "ina lebul takwas, sitef biyu". In kun kira duka biyun "mataki", ranar ƙarin girma za a yi rigima. Ni dai ban ga laifin lebul da sitef ba, tunda sun zauna a baki.

"Sashe", "ɓangare" da "reshe" ma kowanne a tsayar masa da wuri ɗaya tun daga shafin farko.

Kafin ku miƙa aiki, ku gwada shi da malamin jami'a. An fara IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya, a 2007 don maganin ma'aikatan bogi, amma ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta yi shekaru tana kukan cewa tsarin bai san da malamin da ke koyarwar ziyara a wata jami'a ba, har gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga ciki a Disamban 2023. Mutum ɗaya ne, gurbi biyu, asusu biyu, lebul ɗinsa ɗaya. Ku shigar da shi a fassararku, sannan ku miƙa wa magatakarda allon ya karanta, ku ji ko zai gane wanda zai sa hannu a takardar hutunsa.

Wassalam,
ɗan'uwanku a sana'a.