A Zuba Dajin Gobir A Tagulla Tun Da Sauran Abin Gani

A watan Yuni na 2025 ƙasar Holan ta maido wa Nijeriya kayan tarihi guda 119 daga cikin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Oba na Binin a 1897, bayan Jamus ta fara maido nata a watan Disamba na 2022. An yi ta yabo, kuma yabon ya dace. Amma duk wanda ya dubi ƙirar Binin da idon basira zai ga ba sarakuna da mayaƙa kaɗai aka zuba ba. Akwai damisa, akwai zakara, akwai tsuntsaye da kifi. Haka nan tagullar Igbo-Ukwu, wadda masana suka ce ta ƙarni na 9 ce ko na 10, cike take da ƙudaje da kwaɗi da macizai da katantanwa. Watau maƙeran can sun ɗauki dajin da suke ciki sun adana shi cikin ƙarfe, har ga shi yau ana gane irin halittun da suka yi zamani da su.

To, mu fa? Wannan tambaya ta fi shafar ƙasar Gobir, daga Sabon Birni da Kurawa zuwa Isa, domin alaƙar Gobirawa da jan ƙarfe ba ta jiya ba ce. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Takedda, yamma da duwatsun Azbin, a 1353, ya kuma ba da labarin cewa daga nan ake ɗaukar jan ƙarfe zuwa wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda marubuta tarihi da dama suka ɗauka Gobir ce. A Azbin ɗin dai, inda Gobirawa ke cewa sun zauna kafin su gangaro kudu, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutsen Dabous, babban ya haura mita 5. A 1999 aka ɗauki siffarsu aka zuba da ƙarfe, aka kafa ɗaya a filin jirgin sama na Agadas.

Sanin kowa ne cewa maƙeranmu iri biyu ne. Maƙeran baƙi su ne masu garma da fartanya da gatari, maƙeran fari kuwa su ke aikin azurfa da tagulla, su ke yin mundaye da zobba da likkafa da kayan adon doki. Zubi ba baƙon abu ba ne gare su. Ana gina siffar abin da ake so da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a bari ta bushe, sa'an nan a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye. Ramin da ya bari shi ake cikawa da narkakkiyar tagulla, in ta huce a fasa yumɓun. Tun da sai an fasa kafin a fid da aikin, ba a samun biyu iri ɗaya. Maƙeran Ashanti, waɗanda fataken goro suka daɗe da sani, har sukan lulluɓe ainihin gyaɗa ko ƙwaro da yumɓu, wuta ta cinye shi, ƙarfe ya maye gurbinsa. Ba mu ga abin da zai hana maƙerin Kurawa yin haka da ɗan aduwa ko kwanson bagaruwa ba.

Mun san za a tayar da maganar addini, kuma ba magana ce da za a kau da kai daga gare ta ba. Malamanmu sun yi hani ga ƙera siffar abu mai rai, ba kuwa za mu ce a kafa gumakan kura da barewa a mararrabar hanya ba. Amma malaman nan su ne suka ce babu laifi ga siffar itace da ganye da fure. Wannan fili ne mai faɗin gaske. Furen kuka da ke buɗewa da dare, da furen tumfafiya, da bado mai rufe tafkunan fadamar Rima, da ganyen gawo da ke zuba da damina ya tofo da rani, da reshen goruba, duk abin zubawa ne. Ko dabbar ma, ana iya zuba sawunta kamar yadda maharbi ke ganinsa a rairayi, da gashin gauraka, da ƙahon barewa. Abin da ya rage na saɓani a bar wa malamai su yanke, kada ma'aikacin ofis ya yanke musu.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne dajin kansa yana tafiya. Fari na 1973 da na 1984, da saran itace, da faɗaɗa gonaki, sun rage shi ƙwarai. Dattawa suna ba da labarin barewa da gada da kura a dajin Gundumi, yaran yanzu kuwa sai dai a tatsuniya. Gauraka, wadda dā ake gani a fadamu, ta kusa ɓacewa daga Nijeriya ɗungum. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin ba ƙaddarar da ba ta da magani ba ce, domin raƙuman dawansu sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, suka tsare su har suka haura 600, a 2018 kuma suka kai guda 8 gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Wani zai ce mutanen da ba su iya zuwa gona ina ruwansu da furen tagulla. Gaskiya ne tsaro ke gaba da kome. Tun 2019 dubban mutanen wannan yanki suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi don gudun 'yan bindiga, a watan Agusta na 2024 kuma aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Sai dai cikin masu gudun hijirar akwai maƙera, kuma maƙerin da ya bar zugazugai da uwar maƙera ya koma dako a birni ba zai koya wa ɗansa kome ba. Gona tana jira a dawo a nome ta, sana'ar hannu kuwa in dattijon da ya iya ta ya rasu, shi ke nan. Bugu da ƙari, tsofaffin likkafu da mundaye suna ta shiga hannun 'yan gwangwan da ke saye bisa sikeli su narke.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da ta umurci Ƙananan Hukumomin Sabon Birni da Isa, tare da hakimai da sarakunan maƙera, su rubuta sunayen maƙeran fari da suka rage da inda kowa yake zaune yanzu. A ba su aiki na kuɗi, ba tallafin da ake rabawa a manta ba. Kofunan gasar makarantu, da kyaututtukan da ake ba manyan baƙi, da ƙyamaren gine-ginen hukuma, duk ana sayo su daga waje alhali ga masu iya yi a gida. Malaman ilmin tsirrai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su nuna musu tsirran da suka fi shiga haɗari, a zuba kowanne, a rubuta sunansa na Hausa da boko da ajami a gindinsa. Kashin farko a ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, inda 'yan makaranta za su riƙa zuwa gani, kuma a sa kuɗin wannan aiki cikin kasafin shekara mai zuwa.