Rumfunan leda da sana'ar rainon dashe: ina ribar take a noman tumatir?

Duk shekara idan damina ta kankama, farashin kwandon tumatir a kasuwar 'Yan Kaba ta Kano da Mile 12 ta Legas yakan tashi har magidanci ya koma ga busasshe ko na leda. A irin wannan lokaci ne kuma ake yawaita tallan rumfunan noma na leda, waɗanda ake cewa mutum zai noma kayan gwari a cikinsu rani da damina. Tallan ya fi karkata ga ma'aikatan gwamnati masu jiran kuɗin sallama da 'yan kasuwa masu neman inda za su juya jari. Ya kamata masu wannan niyya su tsaya su duba lissafin da kyau.

Ƙasar Holan, wadda ake yawan buga misali da ita, tana samun sama da tan 400 na tumatir a hekta guda cikin gidajen gilashi, alhali manomin Kadawa da ya samu tan 10 yakan gode wa Allah. Sai dai matsalar Holan sanyi ce, shi ya sa ake ɗumama gidajen da iskar gas, kuma da gas ya yi tsada a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, manoma da dama sun kashe fitilunsu a lokacin hunturu. Tamu matsalar zafi ce. Tumatir yakan zubar da fure idan zafi ya wuce kimanin maki 35, kuma rumfar leda da ba ta da tsawo da isasshiyar mashigar iska takan zama tanda a watannin Maris da Afrilu. Sanyaya ta kuwa na buƙatar wutar lantarki, wadda kowa ya san halin da take ciki.

Ga kuma batun canji. Ledar rufi mai jure rana, ragar hana ƙwari, bututun ban-ruwa na ɗigo, takin da ake narkarwa a ruwa da ingantaccen iri, kusan duk daga waje ake shigo da su. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Ledar kuma ba ta dawwama, bayan 'yan shekaru rana takan cinye ta a sake sayen wata. Wanda ya kafa rumfa da wannan tsada, sannan ya girbe a watan Fabrairu lokacin da tumatirin fadama ya cika kasuwar Kwanar Gafan har ana rasa mai saye, ya san ya tafka asara. Rumfa takan biya kuɗinta ne idan girbi ya faɗo cikin damina, ko kuma akwai otal ko babban kanti da aka ƙulla ciniki da shi tun kafin shuka, musamman a kan tattasai mai launi da kokwamba.

A ganina, inda wannan fasaha ta fi dacewa da mu shi ne rainon dashe. Al'adar manomanmu ita ce a yayyafa iri a fangali a fili, a tumɓuke shi bayan makonni a kai gona. Ta haka iri da yawa ke salwanta, saiwa ta tsinke, farin ƙuda kuma ya sa wa tsiron ciwon nannaɗewar ganye tun yana jariri. Da can irin gida ake shukawa, asarar ba ta da zafi. Yau da ake sayen ingantaccen iri da ƙirgen ƙwaya, kowane tsiro da ya mutu kuɗi ne. A rumfar raga kuwa ana shuka ƙwaya ɗaya a kowane rami na faranti, cikin niƙaƙƙen ɓawon kwakwa maimakon ƙasa, bayan mako uku zuwa huɗu a fitar da dashe da saiwarsa cur. Hekta guda na cin dashe dubu 20 zuwa 30, kuma 'yar ƙaramar rumfa za ta iya fitar da wannan sau da yawa a shekara. Jarin bai kai na noman 'ya'ya ba, kuɗin kuma yana dawowa cikin wata guda.

Manyan kamfanoni sun riga sun gane haka. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, mai ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ta buɗe a 2016 amma ta tsaya ba da jimawa ba saboda rashin tumatir, a shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Daga baya kamfanin ya gina katafariyar rumfar rainon dashe domin manoman da ke kawo masa kaya. Shirin HortiNigeria, wanda gwamnatin Holan ta ɗauki nauyinsa daga 2021 a jihohin Kano, Kaduna, Ogun da Oyo, shi ma ya ba da ƙarfi wajen koyar da rainon dashe a faranti.

Wannan ba ya nufin sana'ar ba ta da ƙaya. Manomi ba ya gane irin da ke cikin faranti da ido, sai bayan wata biyu ko uku zai san ko an cuce shi. Saboda haka kasuwar ta dogara ne kacokan a kan amana, kuma mai raino guda da ya sayar da jabu zai iya ɓata sunan sauran a ƙauye guda. Hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC, ita ke da alhakin tantance iri, kuma ya dace sa idonta ya kai ga masu sayar da dashe. Dashe kuma ba ya jiran mai saye: idan ya wuce kwanakinsa a faranti ya tsufa, shi ya sa masu rainon da suka san aikinsu ba sa zuba iri sai manomi ya ba da kafin alƙalami ya faɗi ranar da gonarsa za ta kasance a shirye.