Gwangwanin Baba: Mu Kwashe Abin Da Ke Cikin Tsofaffin Disket Tun Kafin Ya Lalace

Maganar da na zo da ita yau, na san wasu dattawanmu za su ce ta 'yan boko ce, ba ruwan ɗan kasuwa da ita. Ina roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin ni ma ɗan kasuwar ne, iyakar karatuna sakandare, kuma ba don abin da ya faru a gidanmu ba da ban taɓa tunanin zan zauna in yi rubutu a kan faifan kwamfuta ba.

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya rasu a nan Fatakwal cikin 2024. Mutumin Aliero ne, kuma kamar yawancin mutanen garin, albasa ce ta kawo shi Kudu. A Anaca ya fara zama, can aka haife ni. Da aka yi rikicin watan Fabrairun 2006 muka tsallake gada zuwa Asaba da kayan jikinmu kawai, ni ina goye. Littattafan lissafinsa da ya rubuta da ajami duk suka ƙone a rumfa. Abu ɗaya tak Inna ta sura da za ta fita, wani gwangwanin biskit, tana zaton na kuɗin adashinta ne. Sai da aka isa Asaba ta buɗe ta tarar da waɗansu 'yan faya-fayan roba masu kusurwa huɗu, guda 23, waɗanda ake kira disket ko fulofi. Ta ce ranar ba ta san lokacin da ta fashe da kuka ba, don takaici.

Yadda aka yi suka zo hannun Baba shi ne, a wancan lokacin shi ne ma'ajin 'yan albasar layinsu. Duk ƙarshen shekara sai ya ba Kawu littafin, shi da ya yi boko, ya tafi shagon buga takardu a buga da kwamfuta. In an gama, mai bugun ta ba shi takardar, ta kuma ba shi disket ɗin ta ce ya ajiye ko za a buƙaci gyara. Haka suka taru. Shekara goma sha takwas gwangwanin nan yana ƙarƙashin gado, ba wanda ya kula shi.

Da aka zo rabon gado, malam ya yi tambayar da aka saba: akwai bashi ko amana a kan mamaci? Kowa ya yi shiru. Sai Kawu ya ce shi dai yana tuna ya taɓa buga wata takardar ajiya, amma sunan mai ita da yawan kuɗin sun kwanta masa. Nan aka tuna da gwangwani. Na yi kwanaki ina zagaya shagunan kwamfuta na Ogbunabali kafin na samu 'yar na'urar da ke karanta disket, wadda ake jona wa kwamfutar zamani ta kafar USB. Cikin 23 ɗin nan, 14 suka buɗe, 9 suka ƙi. A cikin waɗanda suka buɗe muka ga takardar, an buga ta a watan Janairun 2006: ajiyar wani abokin cinikinsa ɗan Inugu da ya rasu a hanya, za a miƙa wa marayunsa. Kawu ya tafi Inugu, ya bi ta hannun shugabannin Hausawan can har aka gano iyalin. Uwar yaran ta ce lallai Alhaji ya kawo rabi da hannunsa, daga baya suka tashi daga gidan da ya sani, ba su sake haɗuwa ba. Muka biya sauran, muka ƙara abin da malamai suka ga ya dace saboda faɗuwar darajar naira, sannan aka raba gado.

To mai karatu, abin da ke hana ni barci shi ne waɗancan 9 ɗin da suka ƙi buɗewa. Mene ne a cikinsu? Allah kaɗai ya sani. Da mun duba su shekara goma da suka wuce, wataƙila da sun buɗe, kuma da Baba yana raye ya yi mana bayani da bakinsa.

Ba gidanmu kaɗai ba ne

Daga wajen tsakiyar shekarun 1990 zuwa tsakiyar na 2000, duk wata takarda mai muhimmanci da al'ummarmu ta rubuta a garuruwan nan, a shagon buga takardu aka buga ta. Tsarin mulkin ƙungiyoyin 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan goro, sunayen mambobi, wasiƙun da aka kai wa ƙaramar hukuma kan filin masallaci ko maƙabarta, yarjejeniyar hayar rumfa, takardun sulhu tsakaninmu da masu masaukinmu, jerin waɗanda suka ba da gudummawar gina Islamiyya. Takardun kansu fa, ina suke? Wuta ta ci wasu, ruwa ya ci wasu, gudu ya watsar da sauran. Mun ga gobarar kasuwar Mile One ta 2013 a Fatakwal, mun ga ta Ochanja ta 2019 a Anaca, mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022 a bakin Kwara. Wanda kullum kayansa ke ɗaure, ba ya tara takarda. Sau da yawa abin da ya rage shi ne ɗan faifan da wani sakatare ya jefa a akwati ya manta.

Mu kuwa mutane ne da kullum ake tambayarmu yaushe muka zo. Kakanninmu suna fatauci a garuruwan nan tun kafin Nijeriya ta samu mulkin kai. Inugu ma magajin garinta na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, kuma zaɓensa aka yi. Amma yau in aka ce za a tashi wata kasuwa, ko aka ce filin maƙabarta ba namu ba ne, me muke fitowa da shi? Sai mu ce a kira dattijo wane, shi ya san yadda aka yi. Ranar da dattijon ya koma ga Ubangijinsa fa? A gaban hukuma, wasiƙa mai kwanan wata da sunan ofishin da aka kai wa, ko da kwafi ce, tana nuna wa lauya inda zai je ya nemo ta asali. "Na ji an ce" ba ta nuna masa ko'ina.

Me ya sa nake gaggawa

Disket ba dutse ba ne. A cikin robar nan akwai wani ɗan faifai mai laushi da aka shafa wa sinadarin maganaɗisu, a jikinsa rubutun yake. Zafi yana cin sa, maganaɗisun lasifika yana goge shi, babban maƙiyinsa kuwa danshi ne. Wanda ya zauna a Fatakwal ya san ko takalmi ka ajiye wata biyu da damina sai ya yi fumfuna. Da a Sakkwato ko Katsina gwangwanin Baba ya yi zamansa, ina kyautata zaton da ba mu yi asarar 9 ba.

Sannan duniya ta riga ta wuce wurin. Kamfanin IBM ne ya fito da fulofi a 1971, ƙato mai inci 8. Daga baya aka yi mai inci 5 da kwata, sannan Sony ya kawo ƙaramin nan mai inci 3 da rabi da muka sani, wanda ke ɗaukar megabayit 1.44, abin da bai kai hoto ɗaya na wayar yau ba, amma yana iya ɗaukar wasiƙu da dama. Tun 1998 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar iMac ba tare da kafar disket ba, sauran suka bi sahu, Sony kuma ya daina ƙera shi a 2011. Gwamnatin Japan, da aka sani da riƙo da shi, a 2024 ta kammala soke dokokin da ke tilasta amfani da shi a ofisoshinta. Ma'ana, na'urorin karanta shi ƙarewa suke yi, masu gyaransu ma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda na yi, ko wani zai amfana

Da farko, kafin ka saka kowane disket, juya bayansa. A kusurwa ɗaya akwai ɗan makulli na roba, tura shi har ramin ya buɗe kana hango haske ta ciki. In ramin a buɗe yake, kwamfuta za ta iya karantawa amma ba za ta iya rubutu ko gogewa ba.

Na biyu, ja ƙarfen bakinsa gefe ka leƙa. In ka ga fari-fari ko tabo a jikin faifan, kada ka saka shi, domin zai ɓata kan na'urar, ita kuma ta kankare wanda za ka saka bayansa. Ware irin waɗannan gefe guda har a samu wanda ya iya wanke su.

Na uku, kuma wannan a riƙe shi da kyau: in kwamfuta ta ce faifan yana buƙatar fomatin, ka ce a'a. Fomatin shara ce, za ta share komai. Cire shi, ka sake gwadawa, ko ka gwada a wata na'urar, don wani lokaci wanda ya ƙi a nan yakan buɗe a can. Wanda ya ƙi gaba ɗaya ma kada a yar. Akwai na'urori irin su Greaseweazle da KryoFlux da masu adana tarihi ke amfani da su wajen tatso abin da na'urar USB ta kasa, su ne kuma ake haɗawa da tsohuwar na'ura a karanta manyan nan masu inci 5 da kwata. Namu 9 ɗin suna nan na adana.

Na huɗu, kada ka tsaya karanta takarda a kan disket ɗin. Kwashe komai gaba ɗaya zuwa kwamfuta tukuna, kowane faifai da jakarsa da lambarsa, ka rubuta lambar a jikinsa, ka sa manhajar kashe ƙwayar cuta ta bincika, don shagunan wancan zamani cike suke da ita. In takardar ta ƙi buɗewa saboda an buga ta da WordPerfect ko Lotus, gwada LibreOffice, kyauta ce kuma tana gane da yawa daga cikin tsofaffin nan.

Na biyar, in ka buɗe takardar Hausa ka ga alamomi irin su } da ] a wurin ƙ da ɗ, ba lalacewa ta yi ba. A lokacin babu haruffanmu masu lanƙwasa a kwamfuta, sai da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙirƙiro su a shekarun 1990, aka ɗora su a kan maɓallan waɗannan alamomi. Sai ka bi ka musanya su, amma ka bar kwafin asali yadda yake.

Daga ƙarshe, ajiya ɗaya ba ajiya ba ce. Filash ma yana mutuwa, waya kuma ana sacewa. Ni na sa ɗaya a filash, ɗaya a imel, masu muhimmancin kuma na buga a takarda na aika Aliero.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Da na kawo maganar nan a majalisarmu, wani dattijo da nake girmamawa ya ce min, "Yaro, ka san abin da kake tonowa? A ciki akwai bashin mutane, akwai rigimar da aka binne, akwai sunayen mutanenmu da gidajensu. In ya faɗa hannun da bai dace ba fa?" Na ce, "Baba, gaskiyarka." Kuma har yanzu ina ganin gaskiyarsa ce. A inda muke zaune, jerin sunaye da adireshi ba abin wasa ba ne. Don haka ban ce a kai wa yaron shago a tafi a bar shi da su ba, ban kuma ce a watsa a WhatsApp ba. A yi aikin a gaban mai abin, na gida ya tsaya a gida, na ƙungiya ya tsaya hannun shugabanninta.

Amma barin abu ya ruɓe ba rufin asiri ba ne, asara ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Iyayenmu sun yi nasu, sun rubuta. In rubutun ya mutu a hannunmu saboda sakaci, haƙƙin maraya ya tafi da shi, wa za a tambaya?

Shawarata ga kwamitocin masallatanmu na Fatakwal da Anaca da Inugu mai sauƙi ce. Kowane ya sayi na'ura ɗaya. A samu matasa biyu amintattu da dattijo ɗaya da zai zauna tare da su. Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a cewa duk mai tsohon disket a gida ya kawo. Tsofaffin sakatarorin ƙungiyoyi, musamman waɗanda suka koma gida Arewa, a neme su tun suna da rai. 'Yan'uwana matasa kuma, mu da muke kwana a kan waya, wannan aikin namu ne, ba mai yi mana shi.

Inna takan ce da ta san abin da ke cikin gwangwanin nan da ba ta yi kuka a Asaba ba. Yau in ka koma gida, ɗan'uwa, ka leƙa ƙarƙashin gado da cikin tsohuwar adakar Baba. Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya sauke musu nauyin da ke kansu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.