Wasiƙa Zuwa ga Masu Sha'awar Ɗaukar Hoton Taurari

Nasihata gare ku ita ce game da gajimaren nan da Turawa suka laƙaba wa sunan Ƙaguwa, wanda yake gabas da Kaza da 'Ya'yanta, domin idan hunturu ya kama, shi ne lokacin da yakan hau tsakiyar sama da dare.

Ku sani cewa abin nan da kuke farauta ragowar wata tauraruwa ce da ta fashe, wadda masana falaki na ƙasar Sin suka ga haskenta a shekarar 1054, daidai da 446 ta Hijira, har suka rubuta cewa ta kwana 23 ana ganinta da rana. Ibn Butlan, likitan Bagadaza, shi ma ya ambace ta. Haskenta kuwa sai ya yi tafiyar shekara wajen 6,500 kafin ya iso gare mu, saboda haka wanda ya ɗora kyamararsa a kanta, lalle ne ya yi wa abin ladabi.

Sharaɗi na farko haƙuri ne. Ku bari sai ƙarshen wata, sa'ad da duhu ya kankama, ku fita bayan gari nesa da fitilu, a daren da hazo ya lafa, ku daidaita maɗorin madubin hangenku da tauraruwar arewa, wadda a Kano take ɗagowa wajen daraja 12 kawai, don na'urar ta riƙa bin juyawar sama. Gajimaren ƙarami ne, bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata ba, kuma dishi-dishi yake. Don haka ku ɗauki hotuna masu yawa, kowane na minti biyu ko uku, ku tara su a kwamfuta, sannan jajayen zaruruwan haidurojin za su bayyana.

Sharaɗi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, amana ce. In kun zo gyaran hoto, kada son a yaba ya sa ku zuba launin da ba ya nan, ko ku ƙirƙiro zaren da kyamara ba ta gani ba, gama wanda ya ƙawata halittar Allah da ƙarya ya ha'inci mai kallo. Ku rubuta dare da wuri da tsawon ɗauka a ƙarƙashin kowane hoto, ku kuma koya wa na baya.

Allah ya ƙara mana basira. Haza wassalam.