Gidanki Aljannarki: In Kifinki Ya Kamu Da Ciwo, Ruwansa Za Ki Fara Dubawa

Yau maganarmu a kan kifi ce, ba na miya ba, jan kifin nan na ado da ake sakawa a akwatin gilashi a ajiye a falo. Abin da zan faɗa kuma ya shafi masu kiwon tarwaɗa a roba a tsakar gida.

Asalin wannan kifi daga ƙasar Sin ne, inda aka shafe fiye da shekara dubu ana kiwonsa. In ya sami kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15, ya kai tsawon taƙi. Amma a gidajenmu da wuya ya yi wata uku, sai a ce baki ne. Uwargida, yawanci ba baki ba ne, ruwa ne.

Kifi a cikin ruwan da yake numfashi yake bayan gida. Ƙazantarsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ke haifar da wata guba mai suna amoniya, wadda ba a ganinta da ido, tana ƙona masa wurin numfashi. Ruwa zai yi garai-garai, alhali kifin yana cikin azaba. In kin ga ya taso sama yana buɗe baki, ko ya kwanta a ƙasa ya naɗe fikafikansa, ko ya ƙi abinci, kada ki fasa kafso ki zuba masa. Ki kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan ki sa sabo, ki daina ba shi abinci kwana biyu, yunwar ba za ta kashe shi ba. Ko lafiyarsa ƙalau, ki riƙa wannan canji duk mako.

Kada ki zubar da ruwan gaba ɗaya, kada kuma ki wanke akwatin da omo. A jikin duwatsun ƙasa da matacin ruwan akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cinye waccan guba, tsabtar da ta wuce kima ita ke kashe su. Ki ɗauraye su da tsohon ruwan da kika kwashe kawai. Ƙaramar kwalbar nan zagayayya kuwa, ni dai ban ga amfaninta ba sai kyan ido. Kifi ɗaya yana son aƙalla lita 40, wato jarka biyu.

To wane ruwa za ki zuba? In na famfo ne, ko wanda kika sa wa maganin tsabtace ruwan sha irin WaterGuard, akwai kulorin a ciki, ki bar shi a buɗe ya kwana ya wuni. Na burtsatse ma ki bari ya kwana ya sha iska, sanyinsa ya daidaita da na akwatin. Mutanen Gummi da ke kusa da gulbi, ruwan gulbi yakan zo da ƙwayoyin cutar kifi, na rijiya mai tsabta ya fi.

'Yan uwana na Anka da Bukkuyum, ku taku maganar ta fi nauyi. Ba mu manta shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, saboda dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ana wankewa a kududdufai. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a garuruwan, Bagega sai a 2013, likitocin MSF kuma sun yi wa dubban yara magani. Duk da haka, duk kududdufin da aka taɓa wanke dutse a ciki, kada ki ɗebi ruwansa ko yashinsa don kifi. Tafasawa ba ta fitar da dalma, ajiye ruwa ya kwana ma ba ya fitar da ita. Na ado zai mutu ki yi asarar kuɗi. Amma tarwaɗa tana da taurin rai, za ta rayu ta tara gubar a jikinta, ƙarshenta a tukunyar da 'ya'yanki za su ci.

Sai zafi. Jan kifi ɗan ruwan sanyi ne, ga mu da bazarar da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take yi. Ki janye akwatin daga taga, in an ɗauke wuta injin hura iska ya tsaya, ki riƙa ɗibar ruwan da kofi kina kwararo shi daga sama. Ranar da za a fesa fiya-fiya a ɗaki, a kashe injin a rufe akwatin ruf, domin kaɗan ya isa ya gama da su.

In kuwa kin ga fararen ɗigo-ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa gishiri, yana goga jiki da duwatsu, wannan cuta ce mai yaɗuwa. Ki narkar da gishirin gargajiya, ƙaramin cokali huɗu a kowace lita 20, ki zuba a hankali, ki ci gaba har mako biyu ko da ɗigon ya ɓace. Wajen canjin ruwa, gishirin abin da kika kwashe kawai za ki mayar. Sabon kifi daga kasuwa shi ya fi kawo ta, don haka ya yi mako biyu a wata roba kafin ya shiga cikin 'yan uwansa.

Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Kyanwa tana kuka a ji ta, kifi kuwa ba ya kuka, kuma yara ke cewa a saya, bayan mako guda aikin ya dawo kanki. Ki ɗora babba daga cikinsu a kan ba da abinci, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Ya wanke hannu da sabulu in ya taɓa ruwan. Robar tarwaɗa kuma a sa mata raga mai ƙarfi ko murfi mai huji saboda masu rarrafe.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abincin tarwaɗa da za ki iya haɗawa a gida.